Babban Yatsana da Tayar Habibu

Tun da na dawo daga Amurka ban samu na yi ciniki cikin natsuwa ba. Mutum zai shigo shago da sunan bawul yake nema, sai ya ja benci ya zauna ya ce, "To Alhaji Sale, ba mu labari." In na bayar da safe, da la'asar wani ya zo ya ce shi bai ji farkon ba. Wasu ma har sun fara ƙara masa gishiri a majalisa, wai na hau keken tsere na bar Turawa a baya. Shi ya sa na zauna na rubuta shi sau ɗaya, duk wanda ya sake tambayata in miƙa masa takarda. Kuma zan faɗa har da inda na yi abin kunya, don in na tsallake wurin labarin bai cika ba.

Ga wanda bai san ni ba, shekara talatin da huɗu na yi ina gyaran keke a Sabon Garin Zariya kafin Allah ya buɗa mini na kama shagon kayan keke. Habibu ɗan yayata Hauwa ne. Yana da shekara shida mahaifinsa ya rasu, a hannuna ya tashi, shi da yayarsa Rakiya. Ni na fara ɗora shi a kan sirdi. Daga zuwa aike a keke ya koma tsere da samari a hanyar Funtuwa, daga nan sai gasa iri-iri, har a farkon shekarar nan wata ƙaramar ƙungiyar masu tseren keke a jihar Maryland ta ɗauke shi aiki. Aiki fa, da albashi, don ya hau keke. Rakiya kuwa ta daɗe a can, nas ce, tana zaune da mijinta a wani gari da ake kira Germantown. Da ta haihu ta aiko mini da takardar gayyata zuwa suna. Kafin biza ta fito, jaririyar ta fara zama.

Ranar da na je sallama, Yaya Hauwa ta ce, "Ni ƙafafuna ba za su iya wannan tafiya ba. Ka je ka gano mini jikata. Kuma Sale, ka duba mini yaron nan da kyau. A hoto duk ya rame, sai dogon wuya."

Sati biyu bayan ƙaramar salla na kama hanyar Abuja. A jakar hannu na zuba tsarabar da na fi ji da ita: sifanata mai lamba goma wadda na yi shekara ashirin da ita, da gwangwanin sholisho, da robar faci mai kyau. A tunanina, wanda kullum yake kan keke ai ba ya rabuwa da faci. A filin jirgi wata ma'aikaciya ta ɗaga gwangwanin ta ce, "Baba, wannan yana kama wuta." Na ce mata shekara talatin ina kwana da shi a ɗaki bai taɓa ƙona ko tabarma ba. Ba ta ko kalle ni ba ta jefa shi a kwandon shara. Sifanar ma ta bi shi, wai makami ce. Robar faci kaɗai ta tsira.

Jirgi dai kun san shi a labari, zama ne har ƙugu ya gaji. A filin da muka sauka canjin jirgi na shiga alwala na tarar da famfo mai taurin kai. In ka tara hannu ya zubo, kana janyewa ya ɗauke. Wanke ƙafa kuwa sai da wani bawan Allah ɗan Senegal ya tsaya yana kaɗa masa hannu ni kuma ina wankewa, sannan muka yi musaya.

A Dulles, filin jirgin da ke kusa da Washington, jami'in shige da fice ya tambaye ni sana'ata. Da ɗan Turancina na firamare na ce masa keke. Ya yi murmushi ya ce shi ma yana hawa ranar Lahadi, ya buga hatimi. Ina murna an wuce lafiya, sai ga wani ɗan kare mai dogayen kunnuwa ya zo ya zauna a gaban akwatina kamar an aiko shi. Kilishin da Yaya Hauwa ta ba da a kai wa yaran, duk aka kwashe. Daddawa kuwa suka buɗe, suka shinshina, suka yi maza suka ɗaure suka miƙo mini abata.

Habibu da Rakiya suna jira a waje. Yaron nan ya zube har ƙasa ya gaishe ni a tsakiyar mutane, Turawa suna ratse shi suna waiwaye. Na ji daɗi ƙwarai, na ce tarbiyya dai tana nan. Amma da na ɗago shi na rungume, hannuna ya zagaye shi har ya yi saura.

Gidan Rakiya a hawa na uku yake. Jaririyar, Allah ya raya ta, kamar an tsaga kara da kakarta. Makwabta kuwa ba a magana. Akwai wani dattijo da na gaisar a matakala kwana uku a jere, na tambaye shi iyali da gajiya. A na huɗu da ya hango ni sai ya juya ya koma ɗaki. Rakiya ta ce ya ɗauka wani abu nake talla.

Ranar da na sauka ta tuƙa tuwon shinkafa da miyar taushe. Mun zauna ke nan, Habibu ya zaro wani ɗan sikeli daga jaka, ya ɗora faranti, ya gutsuri tuwo ya aza, ya duba, ya rage.

Na ce, "Kai, wannan fa? Zinare kake aunawa?"

Ya ce, "Kawu, koci ne ya rubuta mana. Yau ranar hutu ce, ba a cin da yawa. Gobe da zan yi awa biyar a hanya, zan ci har ka gaji da kallo."

Bai yi ƙarya ba. Washegari na bi shi gidan da yake haya tare da abokan aikinsa uku, na ga ya cinye tukunyar farar shinkafa da sassafe, ba mai ba yaji, sai zuma. Kwana biyu na yi a gidan nan, kuma ban ga abu ɗaya da ya yi kama da hankali ba. Yana tashi, bayan salla, sai ya hau sikeli shi ma. Sai ya duba agogon hannunsa don ya ji ko ya yi barci mai kyau. Na ce kai da ka yi barcin ba ka sani ba, sai agogo ya gaya maka? Ƙafafunsa a aske tas, ko gashi ɗaya babu. Kayan da yake sawa kuwa, in ya bi ta Sabon Gari da su sai an kira dattawan unguwa. A aljihun baya yana cusa wasu 'yan ledoji masu ruwa-ruwa kamar madi, su ne abincinsa a hanya. Ranar da aka yi ruwa bai fita ba, ya kafa keken a falo a gaban talabijin, ya yi awa uku yana tuƙi, gumi na zuba a kan tawul, bai matsa ko taku ɗaya ba. In ya gama ya yi wanka, sai ya kwanta ya jingina ƙafafu da bango. Ba ya tsayuwa in akwai wurin zama, ba ya zama in akwai wurin kwanciya. A gida sunan wannan malalaci, a can kuwa sun ce yana cikin aikin.

Abin da ya fi ba ni haushi shi ne da na tambaye shi sau nawa ya zo na ɗaya. Ya ce ba aikinsa ba ne ya zo na ɗaya. Akwai babbansu, shi ake so ya ci. Aikin sabon shiga shi ne ya tare wa babban iska, ya koma baya wurin motar ƙungiya ya cika riga da gorunan ruwa, ya kamo su ya rarraba.

Na ce, "Watau daga Zariya har Amurka ka zo ka zama ɗan garuwa?"

Ya yi dariya har da riƙe ciki. Da dariyar ta lafa sai ya gaya mini abin da ke cin ransa. A wata mai kamawa akwai babbar gasa ta kwana biyar, mutum shida kocin zai ɗauka. Biyar an san su. Kujera ɗaya ta rage, tsakaninsa da wani yaro ɗan Kanada. Wanda bai samu ba, da wuya a sabunta masa aiki a ƙarshen shekara, shi kuwa takardar zamansa a ƙasar da aikin take ɗaure. An yi tsere biyu na farkon kakar wasan bana. A na farko sanyi ya kama masa hannu aka bar shi a baya, a na biyu ya yi abin kirki. Na uku ranar Asabar, shi zai raba gardama.

Ya ce, "A hawan tudu ba wanda ya fi ni, Kawu. Koci ya ce matsalata kwana, musamman in titi ya jiƙe. Ya ce ina jin tsoro. Ka san hanyar Funtuwa miƙaƙƙiya ce."

Ranar Alhamis ya kai ni garejin ƙungiyar. Makanikensu mace ce, sunanta Keti, ba za ta wuce sa'ar Rakiya ba. Ta karɓe ni da fara'a da ta ji ni ma sana'ata ke nan. Na ɗaga keken Habibu da yatsa biyu. Ba kariya, ba madigadi, ba ƙararrawa, ba ko abin jingine shi. Sarƙar a bushe ƙayau, wai a tukunya take dafa ta cikin kakin kyandir. Tayar ba tiyub a ciki, sai wani farin ruwa kamar nono da ke toshe huda da kansa. Na miƙa mata robar facin da na sha wahala a kanta. Ta yi godiya sosai, ta samu ƙusa ta rataye ta a bango kamar hoto.

Duk wannan na haɗiye. Amma da na danna tayar da babban yatsana, sai ta lotsa.

Ku da kuka san ni kun san dokata. Keke ba ya barin hannuna sai yatsan nan ya danna taya ya kasa lotsa ta. Taya mai laushi ita ke cin tiyub, ita ke gajiyar da mai hawa, ita ke kayar da mai buhun masara a kan hanya. Da wannan yatsa na ci abinci, da shi na biya wa Habibu kuɗin makaranta. Na ce masa ya gaya mata tayar ba iska. Ta ɗauko wani ɗan ma'auni mai lambobi ta nuna mini, ta yi dogon bayani. Habibu ya fassara: irin wannan taya in tana da ɗan laushi ta fi kama titi, ranar ruwa ma rage iskar ake yi. Na ce ya gaya mata tun kafin a haife ta nake buga iska. Bai fassara ba. Ya sunkuyar da kai ya ce, "Kawu, don Allah kada ka taɓa komai a nan."

Maganar ta tsaya mini a rai har washegari.

A masallacin Juma'a na Sterling mijin Rakiya ya haɗa ni da abokinsa Malam Isufu, mutumin Damagaram, mai karanta labarai a sashen Hausa na wani gidan rediyo. Muryarsa na gane kafin fuskarsa. Da ya ji Rakiya tana da aiki ranar Asabar, mijinta kuma zai zauna da jaririya, ya ce, "Alhaji, ni zan kai ku wurin kurs ɗin. Mu ma mu ga ɗanmu bisa velo." Tsere da keke ke nan a Hausarsu ta Nijar.

Asabar ta waye da yayyafi mai sanyi. Wurin tseren a Virginia yake, tsakanin wasu manyan gine-gine marasa taga da aka ce kwamfutoci ne cike a ciki. An rufe titi, za su yi ta zagaye, akwai gangare ɗaya da ke ƙarewa da muguwar kwana. Ni da na zaci zan ga taro da kiɗa, sai 'yan tsirarun mutane da lema, rabinsu riƙe da karnuka.

Yaran suka gama ɗumama jiki suka shiga motar ƙungiya jin bayanin koci. Keti ta kwashi tayoyin ko-ta-kwana ta nufi bakin titi, inda ake canja wa wanda ya samu matsala. Malam Isufu ya tafi neman kofi. Aka bar ni da kekuna takwas a jere. Na ce bari in danna kawai in ji. Na danna tayar Habibu, yatsana ya nutse fiye da na ranar Alhamis.

Raina ya ɓaci. Na ce a zuciyata, yau ranar da rayuwar yaron nan ta rataya a kai, yarinyar nan za ta tura shi da taya kamar gurasa? Ga famfon buga iska a jingine. Yana da agogo a gindinsa, amma tabarauna yana mota, kuma ko yana fuskata ba dubawa zan yi ba. Na yi bismilla, na buga gaba, na buga baya, har yatsana ya danna ya dawo. Na mayar da famfon yadda na same shi, na koma ƙarƙashin lema ina jin na sauke amanar Yaya Hauwa.

Suka fito, kowa ya haye nasa, kai tsaye zuwa layi. Aka busa.

Ban taɓa ganin keke yana gudu haka ba. Mutum wajen tamanin a cure, kafaɗa na gogar kafaɗa, in sun wuce sai ka ji kamar an yage sabon yadi. Mu muna tsaye kusa da kwanar nan. A zagayen farko da Habibu ya fito daga cikinta, ya ɗago kai ya kalle ni sau ɗaya. Na ɗaga masa hannu. Daga nan kowane zagaye abu ɗaya ne: a kwana a wuce shi, a miƙe ya tashi tsaye a kan feda ya kamo su. Koci yana gefe yana ta faɗin abin da Malam Isufu ya ce ma'anarsa ya saki birki. Ni ma na taya shi, "Saki birki, Habibu!"

Saura zagaye uku sai ga shi a gaba, babbansu manne a bayansa, ya ratso da shi ta cikin taron kamar yadda aka umarce shi. Malam Isufu yana tsalle, kofi na zuba masa a hannu. Suka gangaro. Wannan karon Habibu bai taɓa birki ba. Ya kwantar da keken, sai kawai tayar ta zame daga ƙarƙashinsa. Ya tafi a kan ƙugu yana jan kwalta har ya daki shingen ƙarfe. Wani ya bi ta kansa ya faɗi. Babbansu ya kauce da ƙyar, amma kafin ya daidaita an wuce shi.

Ban san lokacin da na jefar da lema ba. Na same shi ya tashi zaune, wandon ya yage, daga ƙugu har gwiwa ba fata, gwiwar hannu ma haka. A bayan motar ƙungiya wata ma'aikaciyar jinya ta sa buroshi tana goge tsakuwa daga cikin naman, shi kuwa ya ciji tawul. A nan na gane dalilin aske ƙafa.

Da aka gama tseren kocin ya zo. Mutanen can in ransu ya ɓaci ba sa ɗaga murya, ƙasa suke yi da ita. Malam Isufu ya matso yana raɗa mini fassara. Koci ya tambayi abin da ya faru. Habibu ya ce laifinsa ne, bai iya kwanar ba. Koci ya gyaɗa kai kamar wanda dama ya san haka za a yi.

Keti kuwa tana tsugune tana duba keken. Ta danna tayar, da babban yatsa fa, irin nawa. Ta tsaya. Ta zaro ma'aunin nan ta sa, fuskarta ta yi ja. Ta ce iska sittin ta sa da hannunta, ta duba sau biyu, ga shi yanzu ya kusa ɗari. Koci ya juya ya zuba mata ido. Kafin ya yi magana Habibu ya yi maza ya ce shi ya ƙara iskar.

Malam Isufu ya raɗa mini, "Kai, wagga ta fi muni. Kocin ya ce faɗuwa kowa na yi, amma mai taɓa aikin makanike a ɓoye, ba ya tafiya da shi ko'ina."

Na matsa zan yi magana, sai Habibu ya ce da Hausa, kansa a ƙasa, "Kawu, yi shiru don Allah. Mu tafi gida."

Na ce, "Ka sani?"

Ya ce, "Tun zagayen farko. Keken yana tsalle irin na shagonka."

Watau kallon da ya yi mini ke nan, ni kuwa ina ɗaga masa hannu. Ya zaɓi ya rasa kujerar, ya rasa aikin, da dai a ce kawunsa ya ji kunya a gaban baƙi. Ni na koya masa haka, kuma a ranar ban ji daɗin koyarwar ba ko kaɗan.

Na kama hannun Malam Isufu na ce ya fassara. Ya ce, "Alhaji, ku bari in gyara maganar kaɗan."

Na ce, "Kada ka gyara komai. Yadda kake karanta labarai haka za ka faɗa."

Na ɗaga babban yatsana sama yadda kowa zai gani. Na ce ni na buga iskar, ba yaron ba, ba yarinyar ba. Na ce an hana ni taɓawa na taɓa, an yi mini bayani na ƙi ji, don ina ganin na fi kowa sanin keke.

Keti ta miƙe. Ta yi magana mai tsawo. Malam Isufu ya ƙi fassarawa, yana kallon takalminsa, sai da na ce ya faɗa mini duka. Ta ce da a ce kan Habibu ne ya daki shingen fa? Ta ce wanda ya faɗi a kansa shi ma ɗan wani ne. Ta ce ta karɓe ni a garejinta a matsayin abokin sana'a, kuma abokin sana'a ba ya taɓa aikin wani a bayan idonsa. Yarinya sa'ar 'yata tana wanke ni tas a gaban jama'a, ruwa na zuba a hulata, kuma ba kalma ɗaya da zan iya musawa. Wannan doka ta abokin sana'a ma a Sabon Gari haka take. Na ce ta yi haƙuri, na maimaita da Turancina.

Koci ya tambayi Habibu me ya hana shi tsayawa a canja masa taya tun da ya ji. Ya ce da ya tsaya, Keti za ta gani ta tambaya. Koci ya dube shi. Ya ce wanda ya yi wannan zagaye duka a jiƙaƙƙen titi da irin tayar nan, har ya kawo babbansu gaba, ba matsoraci ba ne, ya janye maganarsa. Amma ƙarya, ko don wa aka yi ta, kada a sake. Ya ce zai yanke shawara ranar Talata.

Kwana ukun nan a gidan Rakiya muka yi su. Ita ke wanke masa ciwon safe da yamma. Ba ta ce mini komai ba, sai "Kawu ga shayi," "Kawu ga ruwan wanka." Da ta yi faɗa da ya fi mini sauƙi. Yaya Hauwa ta kira ta ce, "Ka duba mini shi?" Na ce na duba shi, sannan na gaya mata yadda na duba shi. Ta ce, "Sale, har yanzu ba ka canja ba."

Ranar Talata aka ba ɗan Kanada kujerar. Likita ya ce ciwon ba zai rufe a kan lokaci ba. Koci ya ce zai sa Habibu a tseren da ke bayan wannan, daga nan a ga abin da hali zai yi. Ba a kore shi ba, ba a kuma yi masa alkawari ba. Gasar da ya yi wata huɗu yana auna tuwo saboda ita, ni na cire shi da hannuna.

Ranar da zan taho suka raka ni Dulles. Habibu ya miƙo mini ƙunshi daga Keti, ma'aunin iska ne sabo, ba wasiƙa ba komai. Da aka zo sallama sai ya fara lanƙwasa ƙafar nan mai bandeji zai durƙusa. Na riƙe shi da hannu biyu na ce, "Kada ka soma." Na ce ya yafe mini. Ban taɓa faɗa wa yaro haka ba a rayuwata. Ya ce, "Haba Kawu, ai kai ka ɗora ni a kan sirdi." Na tuna ranar da ya fara faɗuwa a gindin dalbejiyar shagona, yana ɗan shekara bakwai. A ranar sakin keken na yi ya faɗi. Wannan karon ƙin saki na yi.

To, masu tambaya yaya Amurka, abin da na gano ke nan. An kai ni na ga manyan gine-ginen gwamnati da wasu bishiyoyi masu fure da ba sa 'ya'ya, amma ba su zauna mini a kai ba. Ma'aunin yana nan rataye a shago, duk mai so ya zo ya gani.

Jiya da la'asar Habibu ya kira. Ciwon ya rufe, Asabar mai zuwa zai hau, kuma an ce za a yi ruwa. Har na buɗe baki zan ce ya duba tayarsa da kyau. Sai na kalli yatsana a jikin wayar, na ce Allah ya tsare, ya gaishe mini da Keti.